Baki Ko Hannu? Tarihin Koya Wa Kurame Magana, Daga Milan Zuwa Kasuwar Ɗambatta

Idan ka saba shiga kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi, wataƙila ka taɓa cin karo da cinikin da ake ƙullawa ba tare da an furta ko kalma ɗaya ba. Bebe ya kawo akuyarsa, dillali ya taya da yatsu, shi kuma ya girgiza kai ya shafa cikin akuyar, wato tana da ciki, a ƙara. Na gefe su sa baki, su ma da hannu. Kafin ka ankara an sallama, an ƙirga kuɗi, har da tsokana da dariya. Dillalin nan bai taɓa zama a ajin koyon maganar hannu ba. A gari ya tsince ta.

Abin nan da ka gani a banza a kasuwa, an shafe kusan shekara ɗari ana hana yara yin sa a makarantun kurame na Turai, da sunan ana so su yi magana da baki. Tarihin yadda aka yi haka, da abin da ya jawo, ya shafe mu kai tsaye. A ƙauyukan da ke zagaye da Ɗambatta, yanzu haka akwai uwar da ɗanta ya shekara uku bai ce "inna" ba, kuma shawarar da ake ba ta ita ce ta yi haƙuri, nauyin baki ne, zai yi. To, me yaron yake rasawa a shekarun jiran nan? Amsar tana cikin wannan tarihin.

Matsalar ba a baki take ba

Mu fara da wani ruɗani da Hausar kanta ta gadar mana. Kalmar "harshe" tana nufin tsokar da ke cikin baki, tana kuma nufin yare. Shi ya sa da yaro ya ƙi magana, hankalin kowa sai ya tafi bakinsa. A kai shi wajen wanzami a duba linzami, wato 'yar fatar da ke ƙarƙashin harshe, ko an yanke ta bakin zai buɗe. Kada ka ɗauka mu kaɗai muka yi wannan tunanin. A 1841 wani babban likitan tiyata a Berlin, Johann Dieffenbach, ya riƙa yanke wani yanki na harshen masu in'ina don ya warkar da su. Likitoci a Faransa da Ingila suka kwaikwaye shi, ba maganin sa barci, wasu marasa lafiyar suka mutu, in'inar kuma ba ta tafi ba. Ba a daɗe ba aka watsar da aikin.

Yawancin waɗanda muke kira bebaye, bakinsu da maƙogwaronsu lafiya lau suke. Kunne ne bai kai saƙo ba. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan sashe mai siffar katantanwa, cike da ruwa da wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi. Su ne ke mayar da girgizar sauti ta zama saƙon da jijiya za ta kai ƙwaƙwalwa. In suka mutu, ba sa sake tsirowa. Jariri kuwa da kunne yake koyon magana: ya ji, ya kwaikwaya, ya ji kansa, ya gyara. Wanda bai ji ba, ba shi da abin kwaikwaya.

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar, ɗaya daga cikin manyan masu kashe waɗannan ƙwayoyin shi ne sanƙarau. Muna cikin yankin da cutar ke ɓarkewa a lokacin zafi, kuma annobar 1996, wadda Kano ta ɗanɗana kuɗarta, ta kama sama da mutum dubu 100 a Najeriya, ta kashe sama da dubu 11. Cikin waɗanda suka rayu, da yawa sun tashi ba sa ji. Ƙyanda ma tana kurumta yaro, haka shawara mai tsanani a jariri sabon haihuwa, da ciwon kunne mai fitar da mugunya in an bar shi ya daɗe, da wasu allurai irin su jentamisin in an yi su ba bisa ƙa'ida ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na kurumcin yara abu ne da za a iya kauce masa.

Gidaje biyu a Turai

A ƙarni na 18 Turai ta rabu gida biyu kan yadda za a ilimantar da kurma. A Faris, wajajen 1760, wani malamin coci mai suna Charles-Michel de l'Épée ya buɗe makaranta kyauta, ya lura kuramen birnin suna da alamun da suke hira da su, ya koya daga gare su, ya gina koyarwarsa a kai. A Jamus kuwa, Samuel Heinicke ya buɗe tasa makarantar a Leipzig a 1778 da aƙidar cewa tunani na gaskiya sai da magana ta baki. Ɗalibansa suna kallon leɓen malami, suna taɓa maƙogwaronsa su ji girgiza, suna maimaita sauti ɗaya har sai ya fito. Wasu daga cikin dabarun da masu gyaran magana ke amfani da su yau, irin su madubi da taɓa maƙogwaro da nuna inda harshe ke zama, daga irin waɗannan azuzuwan suka samo asali.

Tsarin Faris ya ƙetare teku a 1817, lokacin da Thomas Gallaudet da wani malami kurma daga Faransa, Laurent Clerc, suka buɗe makaranta a Hartford ta Amurka. Riƙe wannan a ranka, domin ta wannan hanyar zai biyo ya iso Kano.

Sai aka zo watan Satumba na 1880. Malaman kurame 164 suka taru a birnin Milan na Italiya, kusan dukkansu masu ji, suka zartar da cewa koyarwa da baki ta fi, kuma haɗa ta da alamun hannu yana ɓata ta. 'Yan tsiraru ne suka ƙi, yawancinsu daga Amurka. Bayan taron, makarantu da dama suka sallami malamai kurame, aka haramta alamu a aji. Tsofaffin ɗalibai sun ba da labarin yadda ake sa su zauna a kan hannayensu, ko a doke su in an kama su suna hira da yatsu.

Niyyar malaman ba mugunta ba ce. So suke yaron ya shiga cikin jama'a ya nemi abinci kamar kowa. Kuma ga yaran da ke da sauran ji, ko waɗanda suka kurumce bayan sun riga sun iya magana, tsarin ya yi amfani. Ga wanda aka haifa ba ya ji sam, labarin daban ne.

Gwada da kanka

Tsaya gaban madubi ka faɗi waɗannan ba tare da fitar da murya ba: bari, ɓari, mari. Leɓenka abu ɗaya ya yi sau uku. Yanzu gwada kara, ƙara, gara. Bambancinsu can ciki yake, ido ba ya kaiwa. Ƙara da cewa Hausa tana rarrabe kalmomi da tsawon wasali da hawa da saukar murya. Garin da ake zaune a ciki da garin tuwo, ɗan jan wasali ne kawai tsakaninsu. "Kai" na jiki da "kai" da ake kiran mutum, karin murya ne ya raba su, karin murya kuwa ba ya fitowa a leɓe. Ka ga ke nan wanda aka ce ya koyi Hausa daga kallon baki kawai, alhali bai taɓa jin ta ba, an ɗora masa jan aiki.

Sakamakon ya fito fili a 1979, lokacin da wani masanin halayyar ɗan Adam, Reuben Conrad, ya gwada kuramen da ke kammala makaranta a Ingila da Wales bayan shekaru kusan goma ana horar da su da baki. A matsakaici, karatunsu bai wuce na yaro ɗan shekara 9 ba. Maganar da yawansu baƙo ba ya gane ta. Karanta leɓen ma ba su fi yara masu ji da ba a taɓa koya wa ba.

Tun kafin nan ƙasa ta fara zamewa tsarin Milan. A 1960 William Stokoe, malami a kwalejin Gallaudet, ya nuna cewa maganar hannu ta Amurka cikakken yare ce mai nahawunta, kuma kowace alama tana rarrabuwa gida-gida: siffar hannu, wurin da aka yi ta, da motsinta. Daga baya masu binciken ƙwaƙwalwa suka gano kurman da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa sashen yare na hagun ƙwaƙwalwa, alamunsa suna rikicewa kamar yadda maganar mai ji ke rikicewa. Wato ita ƙwaƙwalwa yare take nema, ko ta kunne ya shigo ko ta ido. Sai a 2010, a taron Vancouver na Kanada, magadan wancan taron suka fito suka yi watsi da ƙudurin Milan tare da nuna nadama.

A Kano fa?

Duk wannan dambarwar, ƙasar Hausa ba ta san ana yi ba. Babu makarantar kurame, amma kuma babu wanda ya hana su hannu. Kurame suna noma, suna sana'a, suna aure, suna da dandalin da suke haɗuwa da yamma su yi hira. Kamar yadda makafi ke da sarkin makafi, guragu ke da nasu, haka bebaye ke da sarkin bebaye da ke tsaya musu.

Wadda ta fara nazarin wannan yare a ilimance ita ce Constanze Schmaling, masaniyar harsuna daga Jamus, wadda ta zauna da kuramen Kano a shekarun 1990, ta fitar da littafinta Maganar Hannu a 2000. Ta nuna cewa yare ne mai tsari da kalmominsa, wanda kurame ke gada daga kurame, ba Hausar baki ce aka juya zuwa yatsu ba. Ta kuma lura da abin da ka gani a kasuwa: masu ji da yawa suna iya taɓa hira da hannu ba tare da jin nauyi ba. In ka duba yadda ƙauyukanmu suke a cunkushe, gida jikin gida, gona jikin gona, kowa ya san kowa tun yarinta, ba abin mamaki ba ne. Wanda kuka yi kiwo tare, kuka yi gayya tare, dole ku samo hanyar fahimtar juna.

Kada mu yi wa kanmu kirari da yawa dai. A garuruwan nan ne yara ke bin bebe suna tsokana don su ga ya fusata. A nan ne kurma kan zauna a wa'azi ko taron dangi daga farko har ƙarshe ba wanda ya juyo ya faɗa masa abin da ake cewa. Kuma alamun da dillali ya iya sun isa ciniki, ba su isa a bayyana wa yaro dalilin da ya sa mahaifiyarsa take kuka ba.

Makaranta ta zo ne ta wata hanya. Andrew Foster baƙar fata ne ɗan jihar Alabama, wanda sanƙarau ya kurumta yana ɗan shekara 11. Shi ne baƙar fata na farko da ya yi digiri a Gallaudet, a 1954. A 1957 ya buɗe makarantar kurame a Gana, a 1960 ya buɗe wata a Ibadan, ya ci gaba da buɗewa a ƙasashen Afirka har ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Foster ya ba hannu muhimmanci a lokacin da makarantun da ke bin tsarin Ingila suka fi karkata ga leɓe, ya kuma horar da kurame su zama malamai. Sai dai alamun da ya zo da su na Amurka ne, jikokin na Faris.

A 1977, shekarar da Najeriya ta fitar da manufar ilimi ta ƙasa wadda ta ware babi ga ilimi na musamman, aka buɗe makarantar kurame ta Tudun Maliki a Kano. Ta buɗe wa dubban yara ƙofar karatu da rubutu, wannan ba a musu. Amma dubi tafiyar yaron da aka ɗauko daga wani ƙauyen Ɗambatta. A gida Hausa ake yi, wadda bai taɓa ji ba. A unguwa ya tsinci maganar hannu ta gargajiya. A aji zai tarar da alamun da suka samo asali daga Amurka, ana jera su bisa tsarin Turanci. In ya dawo hutu, yana da sababbin kalmomi cike da hannu, babu wanda zai yi su da shi a gidan. Schmaling ta ga yadda alamun makaranta ke shiga cikin na gargajiya a hannun matasa.

Yare da sanin zuciyar wani

Ka sha jin ana cewa kurame suna da saurin fushi. Mutane suna ɗauka halitta ce. Bincike ya nuna wani abu daban, kuma nan ne tarihin gyaran magana ya haɗu da na tarbiyyar zuciya.

Akwai wani gwaji da masana suka ƙirƙiro a shekarun 1980. A ce Ladi ta ajiye alewarta a kwando ta fita. Talatu ta ɗauke ta ta ɓoye a akwati. Sai a tambayi yaron da ke kallo: in Ladi ta dawo, ina za ta fara dubawa? Ɗan shekara uku yakan ce akwati, domin shi ya san alewar tana can. Wajen shekara huɗu zuwa biyar yaro ke gane cewa abin da ke kan Ladi daban ne da abin da ke kansa, ya ce kwando. A kan wannan ganewar ake gina uzuri, da lallashi, da gane wasa, da bambance kuskure da ganganci.

Tun daga 1995, Candida Peterson da Michael Siegal a Ostireliya suka nuna cewa kuramen da iyayensu masu ji ne sukan makara da shekaru kafin su ci wannan gwajin. Kuramen da iyayensu ma kurame ne, waɗanda suka tashi cikin maganar hannu tun suna goye, ba sa makara. Kunnuwan iri ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne hira. Yaro mai ji yana kwana yana tashi cikin "na zaci", "ta manta", "bai sani ba", "ransa ya ɓaci", ko da ba da shi ake ba. Kurman da ba a hira da shi, umarni kawai yake samu: zo, tafi, ci, bari.

Nikaraguwa ta ba da hujja mafi ƙarfi. A ƙarshen shekarun 1970 aka tara yara kurame a wata makaranta a Managua ana koya musu karanta leɓe, su kuma a filin wasa da cikin mota suka ƙirƙiro sabon yaren hannu. A wani bincike da Jennie Pyers da Ann Senghas suka wallafa a 2009, an ga manyan da suka fara yaren, lokacin bai da kalmomin "tunani" da "sani" sosai, suna faɗuwa irin gwajin Ladi duk da girmansu. Bayan 'yan shekaru suna cuɗanya da na bayansu, suka ɗauki kalmomin, suka kuma fara cin gwajin.

Yanzu saka kanka a matsayin yaron da aka ture a rijiya, bai ji an ce "yi haƙuri, ban gan ka ba". Ya ga ana dariya, bai san a kan me ba. Ransa ya ɓaci, ba shi da sunan abin da yake ji, balle ya kai ƙara. Me ya rage masa in ba dutse ba?

Wannan matsalar ce ta sa Mark Greenberg da Carol Kusché suka tsara wata manhaja mai suna PATHS a Seattle ta Amurka a farkon shekarun 1980, kuma don yara kurame suka fara yin ta. Ana ba yaro katuna masu zanen fuskoki, kowace da sunanta da alamarta: fushi, tsoro, kunya, kishi, jin daɗi. Ana koya masa dabarar kunkuru: in ransa ya ɓaci ya tsaya, ya naɗe hannu a ƙirji kamar kunkuru ya shige ɓawonsa, ya ja numfashi, sannan ya faɗi abin da ya faru da yadda yake ji. Da aka ga tana aiki sai aka kai ta azuzuwan yara masu ji, ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Darussan sarrafa zuciya da zaman tare da ake yayi a makarantun duniya yau, ɗaya daga cikin tushensu ajin kurame ne.

To, ina matsayin gyaran magana?

Yana nan daram, a inda ya dace. Mai in'ina, mai tsamin baki, yaron da aka ɗinke wa tsagewar leɓe ko ganda, yaron da ke da sauran ji aka sa masa na'urar ƙara ji, duk suna amfana da ƙwararren mai gyaran magana. Aikinsa a yau ya wuce fitar da sauti, ya haɗa da nemo wa yaro duk hanyar da zai isar da saƙo, ko da alama ko da hoto. Bincike a kan yaran da aka dasa wa na'urar ji a cikin kunne, waɗanda suka tashi da maganar hannu a gida, bai nuna cewa hannun ya hana su koyon magana ba. Matsalarmu ita ce ƙwararrun kaɗan ne, suna manyan birane, na'urorin kuma da tsada. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta yi alƙawarin ilimi kyauta har sakandare, amma doka ba ta zuwa tsakar gida ta yi hira da yaro.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shekarun farko, musamman uku zuwa biyar na farko, su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar yare. Shi ya sa a ƙasashen da ake gwada jin jarirai, ƙa'idar ita ce a gwada kafin wata ɗaya, a tabbatar kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. Mu da ba mu kai nan ba, ido za mu sa. Jaririn da ƙarar faɗuwar kwano ba ta razana shi, ɗan wata shida da ba ya waiwayar murya, ɗan shekara ɗaya da gwarancinsa ya ɗauke, ko yaron da ya tashi daga sanƙarau ko ƙyanda ya daina amsa kira, a kai shi asibiti a nemi a tura shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen, Kaduna kuma tana da cibiyar kula da kunne ta ƙasa. Allurar rigakafin ƙyanda da ta sanƙarau kuwa kyauta ake yi.

Kafin layin asibiti ya zo kanku, kada a zauna jira. Ku nemo babban kurma a unguwa ko a ƙauyen gaba, wanda ya iya maganar hannu sosai, ya riƙa zuwa gidan. Uwa ta koya, yayye su koya, kaka ma ta koya. Kada a tsaya a "zo" da "ci". A nuna wa yaron cewa Baba ya gaji, Yaya ta manta, ƙaninsa tsoro yake ji, kuma wanda ya ture shi a rijiya bai gan shi ba ne. Mutumin nan da ka gani yana sayar da akuya ranar Lahadi, wataƙila shi ne malamin da ya fi kusa da ku.